Dodo Yana Rusa Gari, Ministoci Suna Taro: Amsoshin Tambayoyinku

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina mun zauna kallon fim ɗin nan na ƙasar Japan mai suna Shin Godzilla saboda mun ji ana ta yabonsa, amma abin da muka tarar shi ne mutane sanye da kwat suna tashi daga wannan ɗakin taro suna komawa wancan, suna ta zuba magana da sauri, dodon kuwa sai jefi-jefi ake nuna shi. Tun ba a kai rabi ba biyu daga cikinmu suka yi barci. Wanda ya zo kallon ƙaton dodo yana rusa gari, me ya haɗa shi da taron ministoci? Ashe wannan ba yaudarar mai kallo ba ce?
Daga wani mai karatu a Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan ƙorafi naka ya daɗe yana bin irin waɗannan finafinai, kuma gaskiya ka faɗa, domin mafi yawan lokacin fim ɗin a ɗakunan taro ake ƙarar da shi. Inda na saɓa da kai shi ne batun yaudara. A ganina tarurrukan nan su ne ainihin labarin da masu fim ɗin suka zo bayarwa, kuma da za a zare su, abin da zai rage shi ne wata ƙatuwar dabba tana taka gidajen da babu wanda ya san masu su.

Fim ɗin ya fito a watan Yulin 2016, shekara biyar bayan musibar da ta auka wa Japan ranar 11 ga Maris, 2011, lokacin da girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta tayar da igiyar ruwan teku da ta share garuruwan gaɓar arewa maso gabashin ƙasar. Mutane kimanin 18,000 ne suka mutu ko suka ɓata, sannan tashar makamashin nukiliya ta Fukushima Daiichi ta rasa wutar da ke sanyaya tukwanenta, har uku daga cikinsu suka narke. Mutanen ƙasar sun shafe makonni suna kallon jami'an gwamnati a talabijin, sanye da shuɗiyar rigar aikin gaggawa, suna ba da tabbacin da ba a jimawa sai a ga ya warware. A 2012 kwamitin bincike da majalisar dokokin ƙasar ta kafa ya bayyana cewa haɗarin tashar musiba ce da hannun ɗan Adam ya jawo. Wannan shi ne abin da ke cikin zukatan 'yan kallon farko, kuma a kansa daraktocin, Hideaki Anno da Shinji Higuchi, suka gina fim ɗinsu.

Ka tuna yadda labarin ya fara. Ruwa ya ɓalle a hanyar mota da ta bi ta ƙarƙashin tekun Tokyo, aka kira taro, wani matashin jami'i mai suna Yaguchi ya ce yana zaton wata halitta ce mai rai, manya suka tsawata masa, ana cikin haka sai ga jelar dodon a allon talabijin. An gayyato masana uku, kowannensu ya ƙi faɗin abin da za a iya kama shi da shi gobe. Firaminista ya sa rigar gaggawa ya fita gaban 'yan jarida, ya tabbatar wa jama'a cewa halittar ba za ta iya hawowa tudu ba, yana rufe baki wani hadiminsa ya raɗa masa a kunne cewa ai ta riga ta hawo. Duk tsawon wannan kai-komo, ana yanko mana hoton kwale-kwale da motoci suna tunkuɗar juna a kan titi, hoton da duk wanda ya ga bidiyon igiyar ruwan 2011 zai gane nan take. Tsoron da ke cikin waɗannan fitowa shi ne na ganin ceto yana makara saboda kowa yana gudun ɗaukar alhaki. Takaicin da ka ji kana kallo, da gangan aka sa maka shi.

Fitowar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta jiragen yaƙi masu saukar ungulu. Sun yi layi a gaban dodon, matuƙa sun ɗora yatsa a kan kunama, umarni yana hawa daki-daki daga matuƙi zuwa kwamanda zuwa ministar tsaro har ya isa ga firaminista, sai aka hango wasu fararen hula biyu suna tsallaka hanyar jirgin ƙasa, ɗaya yana goye da ɗaya. Firaminista ya janye umarnin. Kafin ka ji nauyin wannan, sai ka san cewa sashe na 9 na kundin tsarin mulkin Japan, wanda ya fara aiki a 1947, ya haramta wa ƙasar yin yaƙi, kuma rundunar kare kai da aka kafa a 1954 ba a taɓa ba ta umarnin fita fagen fama ba. Muhawarar da ka ji a kan wace doka ce ta ba da damar harbi, muhawara ce da ƙasar ta daɗe tana yi da kanta.

Abin da abokanka suka rasa da suka yi barci shi ne yadda maganar ta juya a rabi na biyu. Bayan dodon ya ƙone tsakiyar Tokyo ya hallaka firaminista da manyan ministocinsa, sai aiki ya faɗo hannun wata tawaga ta ƙananan ma'aikata da masana waɗanda a da ba a ji da su. A ɗakinsu babu zaman girma da girma, kowa yana faɗin abin da ya gano. A lokaci guda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a jefa wa dodon bam ɗin nukiliya a cikin birnin, wato karo na uku ke nan da za a jefa wa ƙasar wannan makami. Abin da ya hana hakan shi ne buga wa masana'antu waya su haɗa sinadarin da zai daskarar da jinin dodon, da lallaɓar Faransa ta taimaka a jinkirta wa'adin, da tara motocin zuba kankare. Magana ce ta kusa kashe garin, kuma magana ce ta cece shi, sai dai an canja masu yin ta da yadda ake yin ta. Mutanen Japan sun gane saƙon, shi ya sa fim ɗin ya lashe kyautar gwarzon fim na shekara a ƙasar.

Kada ka ɗauka wannan sabon salo ne, domin tun daga tushe haka abin yake. Ranar 1 ga Maris, 1954, Amurka ta gwada wani bam ɗin haidirojin a tsibiran Bikini, ƙarfinsa ya zarce lissafin waɗanda suka ƙera shi, farar toka mai guba ta yi ta zuba a kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru da masunta 23 a cikinsa. Dukkansu sun kamu da cuta, kuma a watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. An zubar da kifi mai tarin yawa, matan aure a unguwar Suginami ta Tokyo suka fara tattara sa hannu don a hana gwajin makaman, har adadin ya haura miliyan 30. Ranar 3 ga Nuwamba na wannan shekarar kamfanin Toho ya saki fim ɗin Godzilla na farko, wanda Ishiro Honda ya ba da umarni, kuma fitowar farko jirgin ruwa ne da wani haske ya cinye a tsakiyar teku. Shekara tara kacal ke nan bayan Hiroshima da Nagasaki, shekara biyu bayan ƙarshen mulkin sojojin Amurka, wanda a ƙarƙashinsa aka taƙaita magana kan bam ɗin a jaridu da finafinai. Wannan tsoro bai tsaya a Japan ba. Da Faransa ta fara gwada nata bam ɗin a Reggane cikin saharar Aljeriya a watan Fabrairun 1960, hankalin ƙasashenmu ya tashi saboda ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga arewa, har Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairun 1961.

A fim ɗin 1954, mai tsawon minti 96, dodon mintuna kaɗan yake ɗauka a allo. Sauran lokacin mutane ne. Akwai fasinjojin jirgin ƙasa da ke hirar komawa ramukan ɓuya, wata mata a cikinsu tana cewa da ƙyar ta tsira daga Nagasaki. Akwai cacar baki a majalisa tsakanin wani wakili da ke son a ɓoye sakamakon bincike da wata wakiliya da ta dage sai an gaya wa jama'a gaskiya. Akwai uwa da ta rungume 'ya'yanta a gefen titi wuta na matsowa, tana lallashinsu da cewa sun kusa tarar da mahaifinsu. Akwai asibiti, inda likita ya kara na'urar auna tururin nukiliya a jikin wani yaro, na'urar ta fara ƙara, bai ce komai ba. Wanda ya ga waɗannan, idan ƙafar dodon ta sauka a kan gida, ya san akwai mutane a ciki. Labarin macijin rijiyar Kusugu ma haka yake: sare masa kai jimla ɗaya ce, abin da ya sa saran ya zama abin tarihi shi ne mutanen Daura da ba sa samun ɗiban ruwa sai ranar Juma'a.

An ma taɓa gwada abin da kake nema. A 1956 aka saki fim ɗin a Amurka bayan an datse shi zuwa kimanin minti 80, aka cusa wani ɗan jarida Ba'amurke da Raymond Burr ya taka, aka cire hirar jirgin ƙasan da mafi yawan maganar bam. Fim ɗin ya yi kasuwa, ba a musu, amma ya bar wa duniya zaton cewa labarin na mutum ne cikin rigar roba yana tattaka gidajen kwali. Sai a 2004 aka nuna na asalin a gidajen sinima na Amurka yadda ya kamata, masu sharhi da yawa suka gane cewa fim ne na makoki.

TAMBAYA: Malam, ni a nawa tunanin rashin kuɗi ne yake sa su ɓoye dodon su cika fim da surutu, daga baya masu sharhi irinku su ce hikima ce. Ko ba haka ba ne?
Daga wata mai karatu a Maraɗi

AMSA: 'Yar'uwa, akwai ƙamshin gaskiya a maganarki, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Rigar dodon da Haruo Nakajima ya sa a 1954 ta kai kusan kilo 100, cikinta zafi ne kamar tanda, ba ya iya wuce 'yan mintuna a ciki. Birnin da yake rusawa kuwa ƙananan gine-gine ne da ma'aikatan Eiji Tsuburaya, mai kula da siddabarun hoton fim ɗin, suka ƙera da hannu, kashi ɗaya cikin 25 na girman na gaske, kuma ginin da aka rushe ya rushe ke nan, idan ɗaukar ba ta yi kyau ba sai an sake ginawa. Kowane minti na dodo ya fi minti na hira tsada nesa ba kusa ba. A Amurka ma, lokacin da Steven Spielberg yake ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole ta sa aka riƙa nuna ganguna masu yawo a saman ruwa a madadinsa.

To amma tilas ba ta kore gwaninta. Masu fim da yawa sun shiga irin wannan ƙunci, suka fito da abin da ba ya kalluwa. Abin dubawa shi ne me aka yi da ƙuncin. A fim ɗin 1954, tun ana rubuta sunaye a baƙin allo ake jin takun ƙafa da ruri, rurin da mai kiɗa Akira Ifukube ya samar ta hanyar goga safar hannu ta fata da aka shafa wa ƙaro a kan tsirkiyar babban gogen Turawa, sannan aka rage gudun sautin. Daga nan jiragen ruwa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, wani dattijo a tsibirin Odo yana ba da labarin abin da kakanni suka faɗa, guguwar dare ta rushe gida da mutane a ciki, sai a ga sawu wanda mutum zai tsaya a cikinsa. Kafin kan dodon ya leƙo ta bayan tsauni, sama da minti 20 sun wuce, kuma mai kallo ya riga ya gina shi a zuciyarsa fiye da yadda roba za ta iya. King Kong na 1933 ya fi haka jinkiri, domin sai an haura minti 40 ake ganin gwaggon birin.

Ita kanta tafiyar hawainiyar da dodon yake yi tana da dalili. Abu mai girma, idan aka hango shi daga nesa, gani ake kamar a hankali yake motsi, kuma bangon bene mai hawa goma yakan ɗauki lokaci kafin ya kai ƙasa. Saboda haka Tsuburaya yake ɗaukar hoton da kyamara mai gudu fiye da ƙa'ida, ta yadda idan aka haska shi a gudun da aka saba, taku zai yi nauyi, ƙura ta tashi a hankali. Dodo mai tsawon mita 50 da yake zabura kamar ƙadangare, ido ba ya yarda da girmansa.

A zamanin kwamfuta ma lissafin bai canja ba. Godzilla Minus One na 2023 an yi shi da ƙasa da dala miliyan 15, kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na irinsa a Hollywood ba, mutum 35 ne suka yi aikin siddabarun hoton, a ɗauka 610 kacal. Da yake ɗaukar ba ta da yawa, an samu damar gyara kowacce har ta nuna, kuma a watan Maris na 2024 fim ɗin ya lashe kyautar Oscar a wannan fanni, karo na farko a tarihin jerin finafinan.

TAMBAYA: Na kalli Godzilla na Amurka na 2014, kuma duk da ina son finafinai masu nutsuwa, ya gundure ni. Shin duk fim ɗin dodo mai jan lokaci ne ya cancanci a kare shi? Kuma da wanne za ka ba mutum shawara ya fara?
Daga wani malamin makaranta a Zariya

AMSA: A'a, Malam, ba dukkansu ba ne, kuma a kan fim ɗin da ka ambata ina tare da kai zuwa wani mataki. Daraktansa, Gareth Edwards, ya san yadda ake nuna girma, kuma fitowar sojojin da ke dirowa daga sama cikin hayaƙi tana da kyau ƙwarai. Inda ya gaza shi ne mutanen da ya bar mu da su. Mutum ɗaya tilo da yake da ciwo a zuciya, wato injiniyan da matarsa ta mutu a haɗarin tashar nukiliya yana gani, an kashe shi tun da wuri, aka bar mu muna bin ɗansa soja daga gari zuwa gari, ba tare da an taɓa sa shi a tsakanin zaɓi biyu masu ɗaci ba. Idan aka kawar da kyamara daga kan dodo, wajibi ne a ɗora ta a kan abin da ya kai shi nauyi. Haka nan finafinan Japan da dama na ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 cike suke da hirar cika lokaci da tsofaffin hotunan da aka sake mannawa, kuma ba na kare su.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in tambayi kaina ko a cikin hirar nan akwai wanda zai yanke hukuncin da zai yi hasara a kansa. Dubi Dakta Serizawa a fim ɗin 1954. Ya gano wani makami da zai iya kashe dodon, amma ya san cewa ranar da duniya ta gan shi, gwamnatoci za su nema, kuma ya san cewa ko ya ƙone takardunsa, ilimin yana nan a kansa, ana iya tilasta masa. An ɗauki lokaci mai tsawo ana wannan jayayya a ɗakin bincikensa, babu dodo, babu fashewa, sai mutum uku da akwatin talabijin da ke nuna 'yan mata 'yan makaranta suna waƙar roƙon zaman lafiya. Daga nan ya amince, ya ƙone takardun, kuma da ya nutse ƙarƙashin teku ya kunna makamin, sai ya yanke igiyarsa da hannunsa. Wanda ya tura fim ɗin gaba ya tsallake jayayyar, zai ga mutum ya yanke igiya ne kawai, ba zai san dalili ba. Wannan daban yake da hirar da wani masani zai tsaya gaban taswira yana bayyana wa janar abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa. Irin wannan ta biyun ce take gundura, kuma tana da yawa.

Jinkirin nuna dodon ma ba sharaɗi ba ne. A fim ɗin The Host na Koriya ta Kudu, wanda Bong Joon-ho ya fitar a 2006, tun farko-farko aka fito da halittar da rana tsaka tana bin mutane a bakin kogin Han, amma duk da haka mafi yawan fim ɗin labarin wani iyali ne talakawa da suke neman 'yarsu, hukuma kuwa ta ƙi sauraronsu.

Game da inda za a fara, shawarata ita ce Godzilla Minus One, na darakta Takashi Yamazaki, domin hirarsa ta cikin gida ce, kowa zai iya bi. Labarin wani matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake ne da ya kauce wa mutuwa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo Tokyo ya tarar iyayensa sun mutu a ruwan bama-bamai, maƙwabciyarsa tana zarginsa da tsoro, ya tsinci kansa yana riƙon wata mata da jaririyar da ba su suka haife ta ba, yana aikin kwance nakiyoyin teku a jirgin katako don ciyar da su. Bayan shi sai a nemi na 1954, a tabbatar na asalin ne mai minti 96. Shin Godzilla ya zo a ƙarshe, kuma a kalle shi a allo mai faɗi maimakon waya, saboda maganarsa tana da sauri, ga rubutun fassara a ƙasa, ga sunayen jami'ai da muƙamansu suna ta fitowa a sama. Ba lallai ne a karanta kowane muƙami ba, domin yawansu ma wani ɓangare ne na abin da ake nunawa. Ya isa a riƙe Yaguchi da firaminista da wakiliyar shugaban Amurka, a bi abin da kowannensu yake so a yi da birnin.